Tawada mai jin zafi: littafin aikin ma'aunin takarda a Damagaram

Asabar, 18 ga Janairu 2025

Kwalbar ta iso jiya da la'asar, a jakar wani tsohon ɗalibina da ya zo hutu daga karatu a waje. Ƴar ƙarama ce, ruwan cikinta shuɗi mai duhu kamar na marina. Sunansa PEDOT:PSS, wata irin tawada ce ta roba da lantarki ke bi ta cikinta, da ita nake so in yi ma'aunin zafi a kan takarda. Na naɗe ta a tsumma na kai firigon maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara, na roƙe ta ta ajiye min a ƙasa, inda ba ya daskarewa, don ruwan nan ba ya son daskarewa, ba ya kuma son rana.

Dalilin aikin yana Zango, a shagon gwaggona. Wake take saye da kaka ta ajiye sai ya yi daraja. Bara buhunan da ke can ƙarƙashin tari suka lalace, ba ta ankara ba sai da ta ji wari. Hatsin da ya shiga buhu da sauran danshi, ko wanda ƙwaro ya yi yawa a cikinsa, zafi yake ɗauka daga ciki tun kafin ido ya ga komai. Gwaggo ta san haka, shi ya sa take cusa hannu har gwiwa ta ji. Amma hannu ba ya kai wa buhu na biyar daga sama. Abin da nake so shi ne ma'aunin zafi mai arahar da za a sa ɗaya a kowane tari, wanda in ya ɓace cikin wake, ko ya ƙare a juji, ba zai cuci kowa ba. Na gilashi mai zaiba ba ya cikin lissafi. In ya fashe a buhu an yi asarar buhun, kuma duniya ma ta juya wa zaiba baya tun yarjejeniyar Minamata ta 2013.

A aji ina koya wa yara cewa roba ba ta bai wa lantarki hanya, shi ya sa ake lulluɓe waya da ita. Gaskiya ne, amma ba ga kowace roba ba. A 1977 Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa wata folima, wato dangin roba, mai suna foli'asitilin, in aka turara ta da ayodin, lantarki yana bin ta kusan yadda yake bin ƙarfe. Wannan ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2000. Waccan ta farko iska tana lalata ta da wuri. PEDOT ya zo daga baya, daga kamfanin Bayer na Jamus a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya fi ta jure iska. Na zaɓe shi a kan foli'anilin, wata robar mai irin wannan hali, saboda abu ɗaya: a ruwa yake zuwa, an riga an haɗa. Foli'anilin sai na dafa shi da kaina daga anilin, wanda guba ne mai shiga ta fata ya taɓa jini, ni kuwa ɗakin aikina shagon zaure ne, yara suna wucewa ta ƙofarsa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na yanka takardar tace ƴan silli-silli, tsawon santimita 3, faɗin rabin santimita. Na ɗiga ruwan da sirinji. Goma na farko duk sun bushe da zobe mai duhu a gefe, tsakiya kuma fayau, kamar inda shayi ya ɗiga a tire ya bushe. Ɗigo yana bushewa ne daga baki, sai ruwan tsakiya ya riƙa jan kaya yana kai wa can. A iskar hunturun nan kuwa kafin ka juya ya bushe. Da na koma shafawa da ɗan burushi, sau biyu siriri-siriri, na kuma kife ƙwarya a kai don ya bushe a hankali, sai launin ya daidaita. Bayan nan na gasa su minti 15 a kan yashi mai zafi cikin kasko, wajen digiri 120, don sauran ruwan ya fita.

Haɗa waya ya fi komai ba ni wuya. Ƙanena, wanda ke gyaran rediyo da salula, ya matse siririyar wayar tagulla kai tsaye a bakin takardar. Kwana huɗu wajen ya yi kore, mitar auna lantarki ta fara rawa. Ruwan nan yana da tsami ƙwarai, ya fi lemon tsami, yana cin tagulla. Ya ce, “Yaya, a sa dalma mana.” Na ce dalma ba ta kama takarda, kuma in mun sa ta mun dawo da abin da muke gudu. Muka goga fensir mai laushi, 8B, a bakin biyu har ya yi sheƙi, tawadar ta hau kansa, wayar kuma ta kama can nesa a kan fensirin. Garafayit, wato baƙin cikin fensir, ba ruwansa da tsami. Tun ranar mita ta tsaya cak.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Yau aka fara awo na gaske. Kayan aikin: filas ɗin shayi, ƙanƙara ta dala ashirin, butar ruwan zafi, mita, da ma'auni na kanti mai suna DS18B20 wanda kuskurensa ba ya wuce rabin digiri a iyakar da nake aiki. Shi ne alƙali. Na sa takardar a leda na ɗaure, na nutsa ta tare da alƙalin, ina ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan daga digiri 10 zuwa 50. Ɗalibata guda daga ajin ƙarshe tana rubuta lambobi.

A digiri 25 takarda ta uku ta nuna turjiya, wato yadda take hana lantarki wucewa, kilo'om 48 (om dubu 48). Da ruwa ya ɗumama sai lambar ta fara sauka, sannu-sannu, ba gargada. Yarinyar ta ɗago kai ta ce, “Mushe, ai a littafi an ce in ƙarfe ya yi zafi turjiyarsa hawa take yi.” Na ji daɗin tambayar nan fiye da sakamakon. A ƙarfe hanya a buɗe take, zafi kuwa yana girgiza ta ne, masu wucewa su riƙa karo, shi ya sa filatinam na ma'aunin Pt100 yake tashi daga om 100 a sifili yana ƙara kusan 0.385 a kowane digiri. A tawadarmu babu hanya ɗaya miƙaƙƙiya. PEDOT yana zaune ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli kewaye da PSS wanda ba ya wuce da lantarki. Na ce mata ta tuna duwatsun Birni, yadda yara ke tsalle daga wannan zuwa wancan. Zafi shi ne ƙarfin tsallen. In ya ƙaru, masu iya tsallakawa sun ƙaru, turjiya ta ragu.

Saukar ba ta da yawa: kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane digiri. Tamista ta kanti, ƴar ƙwayar nan baƙa da ke cikin cajar batir, tana sauka kusan kashi 4 cikin ɗari a digiri, wato ta ninka tamu sau takwas. Ba na ɓoye wa kaina wannan. Amma ita da sinadaran manganis da nikel da kobal ake yin ta, a gasa a wutar da ta haura digiri 1000, kuma mafi yawan kobal na duniya daga ramukan Kwango yake fitowa. Tamu an gasa ta a kaskon tuya.

Akwai wata matsala ta lissafi. Allon Arduino, ƴar ƙaramar na'urar da za ta riƙa karanta takardun, da ƙanena ya ba ni yana raba awo gida 1024 ne kawai. Da irin wannan sauka, digiri ɗaya bai fi gida ɗaya da ɗan kai ba. Ko dai mu nemo ma'aunin da ya fi shi ido, ko mu sa tawadar ta ƙara jin zafi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi, aiki da dare kawai. Na gwada gilisarin na farmasi, ɗigo kaɗan a cikin tawadar. Bayan gashi turjiya ta faɗi warwas, daga dubbai zuwa ɗaruruwa. Ga mai son lantarki ya wuce cikin sauƙi wannan riba ce, don haka masu yin allon taɓawa suke zuba irin waɗannan abubuwa. Ga ni asara ce: ƙullayen sun haɗe, ba sauran tsalle, zafi ya tashi daga 10 zuwa 50 lambar da ƙyar ta motsa. Na fahimci hanyata kishiyar tasu ce. Nesanta ƙullayen zan yi, ba haɗa su ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Abin nesantawar yana bakin ƙofarmu tun ina yaro. Bayan sallah na je gaida Alaramman da na yi karatun allo a wajensa, na tarar yana dama tawada. Baƙin tukunya ne da ƙaro. Na zauna ina kallon yadda yake jiƙa ƙaron, ya tace da ƙyalle, ya ɗiga a farce ya karkata yatsa ya ga gudun ɗigon. Na ce, “Allah gafarta Malam, mene ne aikin ƙaron a ciki?” Ya ce shi ke hana baƙin kwanciya a gindin kurtu, shi ke kuma riƙe rubutu a allo. In ya yi kaɗan rubutu ya kakkaɓe, in ya yi yawa ya yi ƙyalli ya tsattsage. Ya ce in nemi na dakwara, farin nan mai haske, kada in karɓi wanda ya haɗu da ɓawo.

Duk abin da ya faɗa haka littattafan kimiyya suke faɗa game da ƙaro, da wasu kalmomi. Ranar Alhamis na sayo a Kasuwar Dole, na jiƙa kwana ɗaya a tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, na tace sau biyu. Haɗin farko na zuba da yawa, tawadar ta tsinke nan take kamar madarar da aka matsa wa tsamiya, gudaji shuɗi suna yawo a ruwa. Ƙaro yana ɗauke da gishirin kalsiyam da magniziyam, ina kyautata zaton su suka dunƙule ta. Na yi asarar kusan mililita 3, kuma a kwalbar da ba ta da ta biyu wannan ba kaɗan ba ne. Na koma ɗigo-ɗigo ina motsawa. A haɗin da ya tsaya, turjiya ta hau zuwa wajen kilo'om 200, saukar kuma ta kai kusan 0.8 cikin ɗari a digiri. Tawadar ta kama takarda sosai, har ana iya rubutu da ita da alƙalamin kara. Na rubuta layi guda na kai wa Alaramma, na ɗora mita, na sa ya dafa babban yatsansa a kai. Lambar ta sauka. Ya ɗauke, ta koma. Ya maimaita sau uku bai ce komai ba, sannan ya ce, “Ikon Allah. Ka riƙe ta da kyau, ɗana.”

Asabar, 10 ga Mayu

Zafi ya kai intaha, da rana inuwa ma tana haura 40. Takardu shida masu ƙaro suna rataye a zaure tare da alƙali mako uku ke nan, ba wadda ta kauce masa da fiye da digiri ɗaya. Na fara jin aikin ya kusa.

Sai na ce bari in gwada su a randa cikin randa, irin wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki. Matata tana ajiye tumatir a irinta. Na saka takarda biyu da alƙali, na rufe. Bayan awa biyu alƙali ya ce 27. Takardun suka ce 14.

Na yi ta kallon lambar. Hannuna da na tura ciki ya gaya min 27 ce gaskiya, tukunyar ƙasa ba ta zama firigo ba. Na fito da takardun na shanya, zuwa magariba suka dawo daidai da alƙali. Ruwa ba ya tsami banza. A filas kullum cikin leda suke, a zaure kuma iskar bazara ce busasshiya ƙayau. Wannan ne karo na farko da suka shaƙi laima.

Asabar, 21 ga Yuni

An yi ruwa daren jiya. Da safe duk shidan na zaure sun nuna ƙasa da alƙali da digiri 6 zuwa 9. Babu sauran shakka.

Asabar, 12 ga Yuli

Mako uku na bar zafi na koma auna laima. Hanyar mai sauƙi ce: in ka jiƙa gishirin miya ya yi kamar kunu mai kauri, ka rufe shi a kwalba, iskar ciki tana tsayawa a laima kashi 75 cikin ɗari, kuma ba ta cika damuwa da sauyin zafi ba. A wata kwalbar na zuba ƴan ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani, bayan na gasa su. Kwalba biyu, zafi ɗaya, ina ɗauke takarda daga wannan zuwa waccan. Bambancin da laima kaɗai ta kawo ya yi daidai da na digiri goma sha wani abu.

PSS mayen ruwa ne. Shi ya sa PEDOT, wanda shi kaɗai ba ya narkewa a komai, yake iya zama a ruwa har a shafa shi da burushi ba tare da wani sinadari mai wari ba. In ya sha laima sai ya kumbura, ƙullayen su ƙara nisa, turjiya ta hau, ma'auni ya karanta hawan a matsayin sanyi. Takarda ma tana sha. Ƙaro kuwa, da na yi murna da shi a Afrilu, ya fi su duka sha, shi ya sa allo yake wankuwa. Abubuwa ukun da na zaɓa saboda suna da sauƙi ga ƙasa da ga mai aiki, halin da ya sa na zaɓe su shi ne ya kawo wannan. Abin da ruwa ke iya shiga shi ne ƙasa ke iya ci.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɓangaren da ƙaryar ta karkata. Buhun da ke cikin haɗari shi ne mai danshi da zafi tare. A irinsa ne takardata za ta ce da sanyi, lafiya lau. Da na kai wa Gwaggo su a Mayu, da na ba ta abin da ya fi rashin ma'auni muni, don da ta daina cusa hannunta.

Masu bincike da yawa suna magance wannan ta hanyar rufe tawadar da siririyar roba mai fulorin, dangin wadda ake shafa wa kaskon da abinci ba ya kamawa. Tana aiki, ba musu. Amma tana cikin abubuwan da ba sa ruɓewa ko kaɗan, kuma in zan lulluɓe takarda da ita, gara in sayi tamista in huta. Ƙanena ya ce a naɗe da salatif. Na ce shi ma dai roba ce. Man kaɗanya zai narke tun kafin azahar. Ya rage kakin zuma, wanda sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa.

Asabar, 2 ga Agusta

Na samo kaki wajen masu zuma, na narkar a gwangwani cikin ruwan zafi, na tace sau uku don fitar da sauran zuma da ƙafafun ƙudan. Sirrin yana ga lokacin tsomawa. In aka tsoma takardar da laimar damina a jikinta, an kulle ruwan a ciki ke nan. Sai an fito da ita daga yashi mai zafi a tsoma nan take, a ɗaga, ta huce, a sake tsomawa. Tsomi na farko yana shiga cikin takardar ya canja turjiyar, don haka duk awon da aka yi kafin kaki ya tashi a banza, sai sabo.

Gwajin kwalba biyu: a awa 24 bambancin bai kai digiri ɗaya ba. A mako guda ya kai kusan biyu. Kaki yana rage wa laima gudu ne, ba ya tare ta gaba ɗaya, kuma na lura ta wajen da waya ta fito take fi shiga. Na ƙara ɗigon kaki mai kauri a nan. Farashin da muka biya shi ne nawa: da, yatsa na taɓawa lamba ta motsa, yanzu sai an jira kusan minti guda. Ga buhun wake wannan ba komai ba ne, zafin buhu a kwanaki yake tashi.

Na kuma shawo kan matsalar Arduino da ɗan ƙaramin allo mai suna ADS1115, wanda ke raba awo gida dubbai. Ƙanena ya sa a riƙa ba takardar wuta na ɗan ƙiftawa kawai lokacin karatu, don kada wutar awon da kanta ta ɗumama ta.

Yau kuma na binne takardu takwas a gindin zogalen gidanmu, zurfin taƙi ɗaya: huɗu tsirara, huɗu masu kaki, duk ba waya. Na kafa tsinke a kan kowace.

Asabar, 13 ga Satumba

Na tone su, ni da ɗalibata, da cokali da rariya. Mako shida a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsirarun huɗu babu takarda ko ƙyalli, gara da ruɓa sun gama da ita. Amma a cikin rariya mun ga ƴan ɓarɓashi baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi, kamar ɓawon fenti, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Na ɗora mita a kan mafi girma, har yanzu yana wuce da lantarki. Masu kakin kuwa suna nan kusan yadda na sa su, gefe kawai aka ɗan gaigaya.

Yarinyar ta ce, “To Mushe, ke nan ba mai kyautata wa muhalli ba ne?” Na ce mu ƙirga, kada mu yi saurin ba shi suna ko mu ƙwace. Takarda ta koma ƙasa. Ƙaro ya koma. Kaki zai koma, a hankali. Fensir gawayi ne a wata siffa. PEDOT da PSS daga man fetur aka samo su, kuma ba su ruɓe ba, ga su a rariya. Wannan dole a faɗe shi a fili, domin na sha karanta inda ake kiran wannan tawada “mai ruɓewa” alhali takardar da ke ƙarƙashinta ce ta ruɓe. Sai dai mu duba yawansa. Kayan da ke cikin ruwan bai fi kashi 1.3 cikin ɗari ba, kowace takarda kuma tana shan kamar mikrolita 20. Wato rubu'in miligiram. Takarda dubu huɗu ne za su tara giram ɗaya. A gefe guda, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sharar kayan lantarki ta kai tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bai kai rubu'i ba. Mu nan mun san inda sauran yake zuwa, muna ganin yara suna ƙona waya a bayan gari don su ciri tagulla.

Amma lissafin bai ƙare a takarda ba, kuma nan ne nake ganin masu yabon irin wannan fasaha suke yin shiru. Takardar ba ta magana ita kaɗai. Tana bukatar waya, da allo, da batir, kuma nauyin waɗannan ya ninka nata sau dubbai. In kowace takarda za ta zo da nata allon, ba mu yi komai ba. Ribar tana fitowa ne kawai in akwati ɗaya zai karanta takardu da yawa shekara da shekaru, wayoyin kuma a zare su a sake amfani da su. Don haka na canja tsari: takardar za ta riƙa shiga ɗan maƙali ne a zare ta, ba a ɗaure ta da waya har abada ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Sabon wake ya fara shigowa kasuwa. Kafin a zuba a buhu ana iya kashe ƙwaron da rana: a shimfiɗa baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa, a baza waken siriri, a rufe da farar leda mai haske, a naɗe gefe. In zafin ciki ya kai wajen 57 ya daɗe awa guda, ƙwai da tsutsa da uwar duk sun mutu. Na so takardata ta zama mai shaidar cewa an kai wannan zafin. Na saka uku da ƙarfe sha ɗaya. Zuwa ƙarfe ɗaya alƙali yana nuna sama da 60, takardun kuma sun haukace. Da na buɗe, kakin ya yi laushi ya gangaro, ƙwayoyin wake sun manne a jiki, ɗaya ma gefenta ya buɗe.

Wannan aikin ya fi ƙarfin kakin zuma. Akwai kakin karnuba, na wani giginyar Barazil, wanda sai ya haura 80 yake narkewa, amma sai an yi odarsa, kuma yana da saurin tsagewa in ba a gauraya shi ba. Na rubuta shi a jerin abin da za a gwada in an samu. A yanzu na sa wa takardun iyaka: daga 10 zuwa 50, a inuwa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun makon jiya na auna sababbi goma sha biyu, kowace da nata lissafin, tunda hannu ne ya shafa su ba inji ba, babu biyu da suka zo daidai. Na watsar da uku da suka ƙi tsayawa. Yau muka kai tara shagon Gwaggo. Wasu buhunan nata na PICS ne, irin na ajiyar wake ba da magani ba, masu leda biyu a ciki, waɗannan ba a huda su, don toshe iska shi ne duk aikinsu, sai muka sa takarda a tsakanin buhu da buhu. Na gargajiyar kuma muka tura ta tsakiya a jikin kara. Alƙali yana tari na biyu, kusa da takarda ta huɗu, don in riƙa ganin ko sun fara kaucewa. A gefe na rataye tsirara guda, marar kaki. Tunda laima take ji fiye da zafi, bari ta yi aikin da ta iya: in ta rabu da masu kakin da nisa, danshi ya shigo shagon.

Gwaggo ta tsaya tana kallon ƙanena yana jan waya ta bayan buhuna. Ta ce, “Ɗana, in wannan abin ya ce lafiya, in daina sa hannu?” Na ce, “A'a Gwaggo, ki ci gaba da sawa. Duk ranar da hannunki ya saɓa da shi, ki aiko a kira ni.” Ta ce to, ta sa yaron shagon ya samo kwali ya rufe akwatin saboda ɓera.

Karatun farko, ƙarfe biyar na yamma: alƙali 33.5, takarda ta huɗu 34. Ta bakwai, wadda ke ƙarƙashin tarin da ke jikin bangon yamma, ta nuna 37. Ko bangon ne ya sha rana, ko buhun ne, ko takardar. Gobe bayan asuba, kafin rana ta taɓa bangon, zan koma in sake karantawa.